Shin Salieri Ne Ya Kashe Mozart? Gardamar Tarihi da Fasaha a Finafinan Manyan Makaɗan Turai

A ranar 7 ga Mayun 2025 ne Antonio Salieri ya cika shekara 200 da rasuwa. A zamaninsa shi ne shugaban makaɗan fadar daular Ostiriya a birnin Biyana, kuma a gabansa Beethoven da Schubert da Liszt suka ɗauki darasi. Amma yau da an ambaci sunansa, abin da ke fara fitowa daga bakin mutane shi ne, ai shi ne mutumin da hassada ta ci har ya yi sanadin mutuwar Mozart. Yawancin masu faɗin haka a fim suka gani, wato Amadeus na 1984, wanda ya lashe lambobin yabo na Oscar guda 8. Ga shi kuma kamfanin talabijin na Sky a Birtaniya ya sake ɗauko labarin ya mayar da shi shiri mai dogon zango, Will Sharpe a matsayin Mozart, Paul Bettany a matsayin Salieri.

Wannan ya sake tayar da tsohuwar gardama. Masana tarihin kiɗa suna cewa an yi wa Salieri ƙazafi. Masu sharhin finafinai suna cewa Amadeus yana cikin finafinai mafi kyau da aka taɓa yi a kan kiɗa. Duka biyun suna da gaskiya, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba. Inda maganar ta yi nauyi shi ne rarrabe sauyin da fim ke da 'yancin yi wa tarihi, da sauyin da wani bawan Allah ne zai kwana a cikinsa.

## Abin da ake aunawa

Kiɗan kilasik shi ne kiɗan Turai da ake rubutawa a takarda da wasu alamomi na musamman kafin a kaɗa shi. Ya taso a coci-coci da fadojin sarakuna, daga baya ya koma manyan zauruka inda ake biyan kuɗin shiga. Mutum irin Bach ko Mozart ko Beethoven, babban aikinsa shi ne tsara kiɗan: ya zauna ya rubuta wa kowane mai goge, mai busa, mai ganga da mawaƙi abin da zai yi daga farko har ƙarshe, ta yadda ko bayan shekara ɗari biyu wasu makaɗa za su ɗauki takardar su fitar da sautin. Shi ake kira mai tsara kiɗa.

A ƙarni na 18 yawancin waɗannan mutane barorin fada ne. Duk wanda ya san yadda makaɗan fada suke a ƙasar Hausa, da yadda ake naɗa Sarkin Taushi ko Sarkin Makaɗa ya zama shi ne gaba, zai gane tsarin nan take: akwai ubangida, akwai sarauta, akwai masu jiran ta faɗo musu. A 1781 Mozart ya rubuta wa mahaifinsa yana ƙorafin cewa a gidan ubangidansa, babban limamin cocin Salzburg, wurin zamansa a teburin abinci yana ƙasa da na barorin ɗakin ubangidan, sama kaɗan da na masu girki. A shekarar ya bar aikin ya zauna a Biyana yana cin gashin kansa. Salieri kuwa tun 1774 yake tsara wa fada kiɗa, a 1788 Sarki Joseph na Biyu ya naɗa shi shugaban makaɗan fada, ya riƙe muƙamin har 1824.

Daidaiton tarihi na nufin abin da fim ya nuna ya zo daidai da abin da shaidu suka tabbatar: wasiƙu, takardun albashi, rajistar coci, jaridun lokacin, da takardun kiɗan da mutumin ya rubuta da hannunsa. Ƙimar fasaha kuwa tana duba ko labarin ya tsaru, ko 'yan wasa sun shiga rigar waɗanda suke kwaikwayo, ko hoto da sauti sun haɗu sun taɓa zuciyar mai kallo.

Sauyin da fim ke yi wa tarihi kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai taƙaitawa: Mozart da matarsa Constanze sun haifi 'ya'ya 6, biyu suka rayu, Amadeus ya nuna ɗaya, kuma babu wanda ya tayar da jijiyar wuya a kan haka. Akwai cike gurbi, inda tarihi ya yi shiru sai marubuci ya ƙirƙiri abin da mai yiwuwa ne ya faru, kamar hirar miji da mata a cikin ɗaki. Sannan akwai saɓa wa abin da aka riga aka tabbatar, musamman a ɗora wa mutumin da ya taɓa rayuwa laifin da bai aikata ba. Kusan dukkan rigimar a kan wannan na ƙarshe take.

## Abin da takardu suka nuna game da mutanen biyu

An haifi Mozart a Salzburg a 1756, ya rasu a Biyana ranar 5 ga Disambar 1791 yana ɗan shekara 35. Salieri ɗan Italiya ne, an haife shi a garin Legnago a 1750, aka kawo shi Biyana yana matashi maraya.

Gasa kam akwai ta tsakaninsu. A wasiƙun Mozart da na mahaifinsa Leopold akwai ƙorafin cewa 'yan Italiyan da ke fada suna ƙulla masa makirci, har an ambaci sunan Salieri. A 1781 Mozart ya nemi aikin koyar da wata gimbiya kiɗa, aka ba Salieri. To amma wannan rabin labarin ne. A 1785 su biyun sun haɗa hannu da wani makaɗi na uku suka tsara wata gajeriyar waƙa ta murnar samun lafiyar mawaƙiya Nancy Storace. Takardar ta ɓace shekaru aru-aru, sai a 2015 aka gano ta a gidan adana kayan kiɗa na birnin Firag, babban birnin Jamhuriyar Cek, aka kuma kaɗa ta a 2016. A wasiƙar da Mozart ya aika wa matarsa ranar 14 ga Oktoban 1791, ƙasa da wata biyu kafin rasuwarsa, ya ba da labarin yadda ya ɗauko Salieri a keken dokinsa ya kai shi kallon sabuwar operarsa (wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa da kiɗa), The Magic Flute, da yadda Salieri ya yi ta yabo daga farko har ƙarshe. Bayan rasuwar Mozart, ƙaramin ɗansa Franz Xaver a wurin Salieri ya yi karatun kiɗa. Da wuya mace ta miƙa ɗanta ga mutumin da take zargi da kashe mijinta.

Fim ɗin ya nuna Salieri a matsayin gwauron da ya yi wa Ubangiji alkawarin ƙaurace wa mata domin a ba shi baiwa. Salieri na gaskiya ya yi aure, ya haifi 'ya'ya 8. An nuna shi a matsayin mai matsakaicin basira, alhali da operarsa aka buɗe shahararren gidan opera na La Scala a Milan a 1778, kuma ayyukansa sun karɓu har a Faris.

Babban ginshiƙin labarin shi ne kiɗan addu'ar mamaci, wanda ake kira Requiem, da Mozart ya mutu bai ƙarasa ba. A fim, Salieri ne ya rufe fuska ya je ya ba da kwangilar aikin, da niyyar ya kashe Mozart ya ce shi ya tsara. A zahiri akwai mutumin da ya aiko ɗan saƙo a ɓoye, amma wani basarake ne mai suna Franz von Walsegg, wanda matarsa ta rasu a Fabrairun 1791, kuma ya saba sayen kiɗa yana gabatar da shi a matsayin nasa. Franz Xaver Süssmayr, mai taimaka wa Mozart, shi ya ƙarasa aikin. Walsegg ya jagoranci kaɗa shi a Disambar 1793 da sunansa a kai.

Takardar mutuwar Mozart ta ce zazzaɓi mai tsanani ne mai fitar da ƙuraje. Likitoci sun daɗe suna hasashen abin da wannan ke nufi. Wani bincike da aka wallafa a 2009, wanda ya bi rajistar mace-macen Biyana na watannin, ya karkata ga cewa wata cuta ce da ke yawo a garin ta taɓa masa ƙoda. Jana'izarsa a maƙabartar St. Marx irin ta matsakaitan mutanen Biyana ce a ƙarƙashin dokokin da Joseph na Biyu ya kafa na rage almubazzaranci a wajen binne gawa.

## Daga jita-jita zuwa Oscar

Marubucin Amadeus bai ƙirƙiri zargin ba, gado ya yi. A watan da Mozart ya rasu wata jarida a Balin ta buga cewa wasu na zargin guba saboda gawar ta kumbura. Constanze ta faɗa daga baya cewa shi kansa Mozart, cikin rashin lafiyarsa, ya yi tunanin an ba shi guba. A 1823, lokacin da tsufa ya taɓa hankalin Salieri aka kwantar da shi a asibiti, magana ta bazu a Biyana cewa ya amsa laifi. Masu jinyarsa biyu sun ba da shaida a rubuce cewa ba su taɓa jin haka daga bakinsa ba, kuma tsohon ɗalibinsa Ignaz Moscheles, da ya ziyarce shi, ya ce tsohon ya roƙe shi ya shaida wa duniya cewa babu gaskiya a maganar.

Shekara biyar da rasuwar Salieri, a 1830, marubucin Rasha Pushkin ya rubuta gajeren wasan kwaikwayo inda Salieri ya zuba wa Mozart guba a abin sha. Mai tsara kiɗa ɗan Rasha Rimsky-Korsakov ya mayar da wasan opera, aka nuna ta a 1898. Daga nan Peter Shaffer ya ɗauka ya rubuta wasan daɓe da aka fara nunawa a Landan a 1979, sannan darakta Miloš Forman ya mayar da shi fim. Kowane mataki ya ƙara wa zargin kyau, kowane mataki kuma ya nisanta shi da asalinsa na tsegumin gari.

## Me ya sa masu fim suke yin haka

Dalili na farko a cikin sana'ar kanta yake. Tsara kiɗa aiki ne na mutum ɗaya a zaune da alƙalami, yana rubutu yana gogewa. Kyamara ba ta da abin ɗauka a nan. Janar yana da yaƙi, ɗan dambe yana da fage, mai tsara kiɗa kuwa babban abin da ya faru a rayuwarsa a cikin kansa ya faru. Don haka marubucin fim yakan nemo masa abokin gaba ko masoyiya, domin a sami wanda za a yi magana da shi, a kuma sami dalilin da za a ce shi ya haifi kiɗan. Daga nan ne al'adar nan ta fito ta nuna cewa kowane kiɗa mai ratsa zuciya wata mace ce ta jawo shi, alhali da yawa daga cikin manyan ayyukan nan kwangila ce aka bayar, da farashi da ranar kawowa.

Kuɗi ma suna da hannu. Kayan sawa na ƙarni na 18, fadoji, kekunan doki da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa suna cin kuɗi, kuma masoyan kiɗan kilasik kaɗai ba za su mayar da jarin ba. Dole a jawo wanda bai taɓa jin sunan Mozart ba, shi kuwa hassada da cin amana ya sani.

Zamanin da aka yi fim yakan shiga cikinsa. A Song to Remember, fim ɗin Amurka na 1945 a kan mai tsara kiɗa Chopin, ya fito ne lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ragargaza ƙasarsa Folan. Sai aka nuna Chopin yana zagaya Turai yana wasa domin tara wa 'yan gwagwarmaya kuɗi har ciwo ya kashe shi, aka kuma kawo malaminsa Elsner Faris yana yi masa wa'azin kishin ƙasa. Elsner bai bi shi Faris ba, kuma Chopin mutum ne da ba ya son wasa a gaban babban taro: a duk rayuwarsa wasanninsa na bainar jama'a ba su wuce kimanin 30 ba.

## Hujjojin ɓangarorin

Masu kare Amadeus suna farawa da cewa Shaffer bai taɓa kiran aikinsa tarihin rayuwa ba, ya sha faɗin cewa ƙirƙira ce da ya gina a kan wasu abubuwa na gaskiya. Suna kuma nuna yadda aka tsara fim ɗin: Salieri ne cikin tsufa a gidan masu taɓin hankali yake ba wani limamin coci labari, don haka duk abin da aka gani ta idon mutumin da hankalinsa ya taɓu aka gan shi, har da dariyar nan ta Mozart mai ban haushi. A wurinsu jigon fim ɗin shi ne mutumin da ke jayayya da rabon da Ubangiji ya yi, wanda aka ba shi kunnen gane baiwa amma aka ba wani baiwar. Wannan jigo gaskiya ne game da ɗan Adam ko da bai zama gaskiya game da Salieri ba.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce kiɗan. Neville Marriner, wanda ya jagoranci makaɗan fim ɗin, ya karɓi aikin bisa sharaɗin ba za a sauya ko sauti ɗaya na Mozart ba. An ɗauki wasu sassan a gidan wasan Firag inda Mozart da kansa ya fara gabatar da operar Don Giovanni a 1787. Wurin da aka fi yabo, inda Mozart a gadon mutuwa yake yi wa Salieri shiftar wani sashe na Requiem, bai taɓa faruwa ba. Amma a cikin 'yan mintuna yana koya wa wanda bai san komai ba yadda ake ɗora muryar maza, a ɗora ta mata, a ɗora goge da ƙaho har kiɗa ya tashi, abin da malami zai yi makonni yana bayani.

Masu suka ba su musa kyawun fim ɗin ba, kyawun ne ma damuwarsu. Sun ce mai kallo ba ya karanta hirar da aka yi da marubuci, abin da ya gani shi ya sani. Sun ce idan ƙirƙira ce zalla, me ya hana a sauya sunaye? An riƙe sunan Mozart ne domin yana sayar da tikiti, kuma wanda ya ci ribar suna na gaskiya bai kamata ya ce gaskiya ba ta shafe shi ba. Sun ƙara da cewa tsananin kulawar da aka yi wa kaya, gine-gine da kiɗa ita ce ke sa mai kallo ya yarda da sauran: ya ga komai daidai, sai ya ɗauka zargin ma daidai ne.

Akwai ɓangare na uku da ya gwada bin tarihi sau da ƙafa. A 1968 Jean-Marie Straub da Danièle Huillet sun yi fim a kan Bach, suka sa makaɗi na gaskiya, Gustav Leonhardt, ya fito a matsayinsa, aka kaɗa kiɗan da kayan kiɗa irin na zamanin, aka naɗi sautin a lokacin ɗaukar hoto, yawancin kalaman kuma daga wasiƙu da takardun zamanin aka ciro su. Masana fim suna girmama shi har yau, amma 'yan kallonsa kaɗan ne. Kuma ko shi, kundin matar Bach da aka jingina labarin a kansa ƙirƙira ce. Wannan ya nuna babu fim ɗin da zai tsira daga ƙirƙira baki ɗaya, tambayar ita ce a ina aka ajiye ta.

Idan aka ɗora hujjojin a kan sikeli, masu karewa sun yi gaskiya cewa ba a auna fasaha da yawan ranakun da aka faɗa daidai. Masu suka kuma sun yi gaskiya cewa kyawun aiki ba ya wanke ƙazafi. Taƙaita 'ya'yan Mozart bai cuci kowa ba. Mayar da malamin da ya koyar da ɗalibai da yawa kyauta, ya kuma jagoranci ƙungiyar tallafa wa zawarawa da marayun makaɗa, ya zama mai ƙulla kisa, wannan ya cuci wani.

## Lokacin da fim ya ce ya gano gaskiya

Lamarin Beethoven ya fi tsanani ta wata fuska. Bayan rasuwarsa a 1827 an sami wata doguwar wasiƙar soyayya a cikin kayansa, babu sunan wadda aka rubuta wa, babu shekara. Masana sun gano cewa a watan Yulin 1812 ya rubuta ta a garin Teplitz. Wasu, bisa binciken Maynard Solomon, suna ganin wata mai suna Antonie Brentano ya rubuta wa. Wasu sun tsaya a kan Josephine Brunsvik.

Fim ɗin Immortal Beloved na 1994 ya zo da amsa ta daban: Johanna ce, matar ƙanensa, kuma ɗanta Karl ɗan Beethoven ne. Wannan ita ce matar da Beethoven ya yi shari'a da ita daga 1815 zuwa 1820 har ya ƙwace yaron daga hannunta. Manyan masana rayuwar Beethoven ba su karɓi wannan ra'ayi ba, amma daraktan, Bernard Rose, ya gabatar da shi a matsayin warware sirrin. A nan bambancinsa da Shaffer yake: wancan ya ce ƙirƙira yake yi, wannan ya shiga fagen masana tarihi, don haka da ma'auninsu za a auna shi. Wani abin lura kuma shi ne mutumin da fim ɗin ya mayar amintaccen mai bin diddigi, Anton Schindler, shi ne wanda masana suka gano a shekarun 1970 cewa ya cusa rubutun ƙarya a littattafan da Beethoven ke hira da mutane ta cikinsu bayan ya kurumce.

Duk da haka a cikin fim ɗin akwai wurin da ko masu sukarsa suna yabo, inda ake kaɗa Simfoni ta 9 (simfoni dogon kiɗa ne na cikakkiyar ƙungiyar makaɗa) ana nuna Beethoven yana yaro ya gudu daga dukan mahaifinsa ya kwanta a kan ruwa da dare. Babu takardar da ta ce haka ta faru, babu kuma wanda aka ɓata wa suna fiye da abin da aka sani, domin tsananin mahaifin nasa sananne ne. Cike gurbi ke nan da ya yi aiki.

Copying Beethoven na 2006 ya ƙirƙiri wata budurwa mai kwafe masa takardu, ya sa ita ce ta ɓoye cikin makaɗa tana yi masa ishara ranar da aka fara kaɗa Simfoni ta 9, 7 ga Mayun 1824. Wanda ya jagoranci makaɗan a ranar shi ne Michael Umlauf.

## Ina doka take

A Ingila da Amurka ba a shigar da ƙarar ɓata suna a madadin mamaci. Rayayye ne kaɗai ke da wannan dama. A 1934 gimbiya Irina Yusupova ta kai kamfanin finafinai na MGM ƙara a Landan kan wani fim game da Rasputin, bokan fadar sarkin Rasha, tana cewa ya ɓata mata suna, kotu ta ba ta fam 25,000, kuma daga nan ne rubutun nan da ake sawa a finafinai, cewa duk wata kama da wani mutum dace ne kawai, ya zama al'ada. Salieri da Johanna ba su da wannan kariya.

Makamin da ya rage wa iyalai shi ne haƙƙin mallakar kiɗa. A 1970 BBC ta nuna fim ɗin Ken Russell a kan mai tsara kiɗa ɗan Jamus Richard Strauss, wanda ya zana shi a matsayin ɗan koren 'yan Nazi. Iyalan Strauss suka janye izinin amfani da kiɗansa, fim ɗin ya shiga akwati har sai da haƙƙin ya ƙare, shekara 70 bayan rasuwarsa a 1949, aka sake nuna shi a 2020. Kiɗan Mozart da Beethoven kuwa ya daɗe da zama na kowa, shi ya sa masu fim suka fi sakewa da su.

## Abin da ya shafi mai kallo

Tasirin farko alheri ne, kuma ba ƙarami ba. Faifan kiɗan Amadeus ya ci lambar Grammy, ya shiga gidajen da ba a taɓa sauraron Mozart ba. Shi kansa Salieri ya samu wani abu: mawaƙiya Cecilia Bartoli ta fitar da faifan waƙoƙinsa a 2003, kuma da aka sake buɗe La Scala bayan gyara a Disambar 2004, da operarsa ta 1778 aka buɗe. Masu kare fim ɗin suna kafa hujja da wannan. Masu suka suna cewa mutanen da suka je suka saurari Salieri ba su kai ko kusa da waɗanda suka tafi da sunansa a matsayin mahassadi ba.

Akwai kuma wani kuskure da ya fi zargin kisa yaɗuwa, ba a kuma cika lura da shi ba. Fim ɗin ya nuna Mozart yana zubo kiɗa cikakke daga kansa, babu gyara babu gogewa. Wannan ra'ayi ya samu ƙarfi ne daga wata wasiƙa da Friedrich Rochlitz ya buga a 1815 da sunan Mozart, wadda masana suka tabbatar ta jabu ce. Takardun gwaji da ayyukan da Mozart ya fara ya ajiye suna nan da yawa. Da ya sadaukar wa mai tsara kiɗa Haydn wasu ayyuka 6 a 1785, da hannunsa ya rubuta cewa sakamakon doguwar wahala ne. Tun yana ƙaramin yaro mahaifinsa, wanda ƙwararren malamin goge ne, yake horar da shi kullum. Yaron da ke koyon fiyano ko wata sana'a, ya kalli fim ya ɗauka mai baiwa ba ya shan wuya, zai iya ajiye kayan aiki ranar da ya fara shan tasa.

Haɗarin ya fi girma idan fim shi ne karo na farko da mutane za su ji sunan mutum. Chevalier na 2022 ya gabatar wa duniya Joseph Bologne, wanda aka haifa a tsibirin Guadeloupe a 1745, mahaifiyarsa baiwa baƙar fata, mahaifinsa Bafaranshe mai gonaki. Gwanin takobi ne kuma gwanin goge, shi ya jagoranci ƙungiyar makaɗan da ta fara kaɗa simfoni 6 da Haydn ya tsara wa Faris. A 1776 an so a ba shi shugabancin gidan opera na Faris, sai manyan 'yan wasa mata uku suka kai wa sarauniya koke cewa mutuncinsu ba zai bari su karɓi umarni daga ruwa-biyu ba. Duk wannan yana rubuce. Amma fim ɗin ya buɗe da gasar goge inda ya kunyata Mozart a gaban jama'a, abin da babu shaidar ya faru, kuma irin wannan yanki ne ake yankowa a watsa a TikTok da Facebook ba tare da sauran fim ɗin ba. Mozart yana da ɗaruruwan littattafan da za su gyara abin da fim ya karkatar. Bologne ba shi da ko kusa da haka, ga shi kuma tarihinsa na gaskiya ya isa fim ba tare da ƙari ba.

Wannan darasi bai tsaya a Turai ba. Musa Ɗankwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, kuma yawancin abin da aka sani game da rayuwar makaɗa irinsu yana bakin 'ya'yansu, 'yan amshinsu da tsofaffin kaset-kaset na gidajen rediyo. Ranar da wani darakta a Kano zai ɗauki rayuwar ɗaya daga cikinsu, zai fuskanci irin matsalar da Shaffer ya fuskanta: yana buƙatar abokin gaba domin labari ya tashi, kuma sunan da zai fi saurin zuwa masa na wani makaɗi ne na gaskiya wanda jikokinsa suna raye.